Bakin rauta ɗaya ya ci min madaci

Duk lokacin da na shiga ɗakin ƙanwata na ga akwatin nan sai raina ya sosu, alhali kowa yabonsa yake yi. Ni ne na san girman da na zana masa tun farko.

Injin CNC ɗina, wato rautar sassaƙa katako da kwamfuta ke sarrafawa, ƙarami ne, na hannu na saya, irin mai bel ɗin nan da ke aiki da manhajar GRBL. Na shekara biyu ina sassaƙa allunan suna da adon ƙofa da shi a shagona da ke Tudun Wadar Kaduna. Da aka sa ranar bikinta, na yi wa Umma alkawarin akwatin madaci wanda babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, haɗin haƙora a kusurwa huɗu.

Duk mai irin wannan inji ya san inda gizo ke saƙa. In katako na kwance, bakin rautar, wato ƙarfen da ke yankan, zagayayye ne, ba ya fitar da lungu mai kaifi, sai ka ƙara ɗan rami a kowane lungu, wanda ake kira ƙashin kare. A filawud na durowar kicin babu laifi, amma a madacin da za a kai ɗakin amarya sai ka ce gara ce ta ci. Don haka na yanke shawarar tsayar da katakon, don lungun haƙoran ya fito da kaifi ba sai da ramin ba. Na yanke gaban teburin injin, na je Panteka wani mai walda ya haɗa min firam na ƙarfen angul, na ɗaura masa filawud mai kauri da kilam biyu. Na kwana biyu da sukwaya ina sa 'yan takardu a bayan noti har ya miƙe cak. Wannan ɓangaren da nake tsoro bai ba ni wahala ba.

Bakin ne ya kayar da ni. Na saye shi a matsayin mai shida, na rubuta milimita 6 a manhajar zane ta Fusion 360, ban auna ba. Ashe kwatar inci ne, milimita 6.35. Abin riƙe bakin da ya zo da injin shi ma na inci ne, shi ya sa ya shige lafiya lau ba tare da na zargi komai ba. Kuma saboda ɗoki, na yanke haƙoran ƙarshen allunan, wuri takwas duka, a yammaci guda, ban gwada haɗa ko biyu ba.

Da na ɗauko su zan haɗa, sai haƙoran suka faɗa cikin juna suna girgiɗi. Ina ɗaga su a hasken fitila ina hango titi ta tsakani. Lissafin ba shi da wuya: kowane gurbi ya ƙaru da 0.35, kowane haƙori ya ragu da 0.35, gibi ya zama 0.7. Farin gam ba ya cike irin wannan. Amma a daren ban san haka ba. Na ɗora wa bel laifi, na ɗaure shi. Na shiga $100 da $101, saitin GRBL na nisan tafiyar injin, na canza lambobin da suke daidai tun asali, abin ya ƙara dagulewa. Kwana uku ina ƙona man janareta ina neman ciwo inda babu shi.

Wani dattijon kafinta da ke maƙwabtaka da ni ne ya leƙo a rana ta huɗu. Bai taɓa kwamfuta ba a rayuwarsa. Ya juya allon a hannunsa ya ce, "Ɗana, ja min layi ɗaya a guntun nan." Na ja. Ya ce, "To auna faɗinsa." Na sa awon dijital, ya nuna kusan 6.4. Na ce, "Baba, ai mai shida ne." Ya ce shi ba ya tambayar cizal sunansa, ramin da ya bari yake dubawa. Na zauna a kan benci na kasa cewa komai, don awon nan yana rataye a bango tun ranar farko.

Yanzu kowane sabon baki sai ya ja layi a guntu na auna, kuma abin da na gani nake rubutawa, ba abin da ke jikin kwali ba. Ina barin sarari kamar 0.1 saboda gam. Ina manna wani guntu a bayan allon don kada bakin ya tsage madacin wajen fita. Lokacin hunturu kuwa, allunan da za su haɗu rana ɗaya nake yanke su, don iskar Kaduna tana tsotse katako da sauri. Gwajin kuma da guntun katakon aikin ake yi, ba da wani daban ba.

Kuɗin sabon madaci babu, biki saura mako biyu. Na datse haƙoran duka, milimita 18 a kowane gefe, na sake yankewa. Wannan karon da tafin hannu na buga suka shige ƙam. Akwatin ya ragu da santimita 3.6 a tsawo da faɗi, kuma murfin da na riga na sassaƙa wa sunanta ya yi masa girma, sai da na aske adon gefensa. Wannan adon ne ya fi min ciwo, dare biyar na yi ina zana shi.