Allon Alhaji da ƙugiyar Ƙ

Talata.

Ko kokona ban gama sha ba Alhaji ya iso shago. Allo yake so a kafa a bakin titi gaban sabon masaukinsa, wanda direba zai iya karantawa yana cikin gudu. Na nuna masa salon rubutu uku a kwamfuta. Da ya ga siririn nan mai lanƙwashe-lanƙwashe irin na katin biki sai ya girgiza kai: "Wannan ai sai mai tabarau. Ka ba ni mai ƙashi."

"An gama, ranka ya daɗe."

Mai ƙashi a wurina shi ne wanda muke ce wa masu takalmi a shagonmu: kowace ƙafar harafi an ɗora ta a kan wani guntu mai kusurwa, kaurinsa kusan ɗaya da jikin harafin, kamar tubali. Tun asali don talla aka yi su. A 1815 wani mai zuba haruffan ɗab'i a Landan, Vincent Figgins, ya fito da irinsu, lokacin da 'yan kasuwa ke neman fastar da za ta kira mutum daga nesa. Har aka laƙaba musu sunan "na Masar", alhali babu ruwan Masarawa. Turawa ne suka kamu da son duk wani abu na Masar bayan Napoleon na Faransa ya kai yaƙi can a 1798. Daga baya wasu salon masu takalmi suka biyo: Clarendon ya fito a 1845, Rockwell a 1934. Ni dai ina son su a kalma biyu ko uku. In ka rubuta dogon bayani da mai kaurin, ido gajiya yake yi, kuma takalman sai su riƙa takar juna in ba ka ba su tazara ba.

Na zaɓi wani jibgege da na daɗe da saukewa, na buga MASAUKIN BAƘI. Sai ga Ƙ ta fito 'yar siririya a tsakiyar ƙattai, kamar an sa akuya cikin shanu. Ashe babu ita a wannan salon, kwamfuta ta aro daga wani wuri. Yaron shagona ya ce, "Oga, a sa K kawai mana, wa zai lura?" Na ce masa ya karanta da ƙarfi. Ya ce, "Masaukin baki." Shi da kansa ya tuntsire da dariya.

Haka na zauna a manhajar zane ta CorelDRAW na yi mata ƙugiya da hannu. Na cire takalmin da ke saman hannun dama na K, na yanko lanƙwasar J na juya ta na ɗora. Karon farko ta yi kama da marfin buta. Na biyu ta fi jikin harafin siranta, daga nesa ɓacewa za ta yi. Ana cikin na uku aka ɗauke wuta ban adana ba, sai da muka tayar da janareta na sake daga farko.

Bayan la'asar Alhaji ya dawo. Na buga masa gwaji a takarda, na manna a jikin ƙofa, ya tsallaka ɗaya gefen titi ya tsaya yana kallo, hannuwa a baya. Ina ta jira ya yi maganar ƙugiyar da ta cinye mini wuni. Ya dawo ya ce, "Ya yi, Allah ya yi albarka. Amma lambar wayar nan a ƙara mata girma."