Yaro ɗaya, rajista huɗu: darussan haɗin gwiwa kan ƙananan yara a jihar Damagaram

Yaro ɗan shekara biyu a ƙauyen Mirya ko Magariya yana iya fitowa a rajista huɗu ba tare da wani ya gane shi ne ba. A ta rigakafi an rubuta sunansa na yanka, a ta masu tamowa laƙabin da kakarsa ta sa masa, domin uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. A jerin masu karɓar tallafin kuɗi sunan uwar ne kawai, a ofishin magajin gari kuwa wataƙila ba a ma san an haife shi ba. Ma'aikatan lafiya, na ilimi, na ruwa da na rajistar haihuwa duk suna aiki, kowa na tura rahotonsa Yamai a kan lokaci. Abin da aiki ya koya mana shi ne yaro yakan ɓace a daidai wurin da wani ke miƙa shi ga wani. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a zauren taro cikin Zinder ba ta taɓa wannan wuri sai an ambaci mutum da sunansa, an yanke masa rana.

A ɗauki misalin awon damtse, wato auna kaurin damtsen yaro da zare don gano tamowa. Zaren yana da launi uku: ƙasa da milimita 115 ja ne, tamowa mai tsanani; daga 115 zuwa ƙasa da 125 rawaya; daga 125 zuwa sama kore. Ana aza shi a tsakiyar damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, kada a matse, kada a sake. Sai a danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3. In rami ya zauna, kumburi ne, a tafi asibiti ko da zare ya nuna kore. A gundumar Mirya ne ƙungiyoyin agajin lafiya BEFEN da ALIMA suka gwada koya wa iyaye mata wannan awo, aka ga sun iya. To amma uwa ta ga ja, ta goya yaro ta yi tafiyar rana, ta tarar ba ranar awo ba ce, ko abincin magani ya ƙare, ko an sake aunawa an ce ta koma gida ba bayani. Ba za ta dawo ba, kuma kafin magariba duk matan unguwa sun ji. Maganinsa takarda ce mai ɓari biyu: uwa ta tafi da ɗaya, ɗan sa-kan lafiya na ƙauye ya riƙe ɗaya, ƙarshen mako ya je ya gwada nasa da rajistar majo, wato shugaban ƙaramin asibitin yankin da ake kira CSI. Duk ɓarin da bai sami abokinsa ba, akwai gidan da za a shiga gobe.

Ledar abincin magani da ake ba mai tamowa mai tsanani, gram 92 ce mai ƙarfin kalori 500, kuma yaro ba ya cin ta sai da ruwan sha a kusa. Nan ne aikin likita ke komawa hannun masu ruwa. Wanda ya zauna unguwar Birni ko Garin Malam cikin Zinder a bazara ya san yadda ake bin ƴan garuwa, balle ƙauyen da famfo ya lalace aka koma tafki. Yaro ya yi ƙiba mako uku, zawo ya kwashe a kwana huɗu. Ƙwayar tsabtace ruwa irin ta lita 20 ana jefa ɗaya a bido, a jira minti 30, amma in ruwan ya yi dauɗa sai an bar shi ya kwanta an tace da ƙyalle tukuna. Don haka kafin a buɗe wurin rabon abinci a tambayi kwamitin famfo nawa ke cikin asusunsa, da kuma wa ke gyara.

Ana yawan zargin mata da raba ledar ga sauran yara ko kai ta kasuwa. Gaskiya ne ana yi. Sai dai uwar da rumbunta ya ƙare a watan Yuli, yara huɗu na kallon ɗaya yana lasa, wa'azi ba zai hana ta ba. Abin da ke ragewa shi ne tallafin kuɗi ko na cimaka ya iso gidan a daidai wannan lokaci, wato masu jerin tallafi su zauna da masu rajistar tamowa tun kafin ruwa ya sauka.

Damina kuma ita ce lokacin maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, daga Yuli zuwa Oktoba, ga yara ƴan wata 3 zuwa 59, gida-gida. Rana ta farko a gaban mai rabo ake sha, sauran kwana biyu uwa ce ke bayarwa. Tunda an riga an shiga gida, a auna damtse, a duba karnen awo, a tambayi takardar haihuwa. A dai tuna da hantsi mata na gona. Wanda ya zo ƙarfe goma tsofaffi da awaki zai tarar.

Takardar haihuwa ita ce aka fi sakaci da ita, alhali ta fi kome arha. Doka ta ba da kwana 60 a sanar da haihuwa. In sun wuce sai ta hanyar alƙali. Sau da yawa an cika sanarwar a asibiti, amma tana kwance cikin kabad don ba wanda aka ɗora wa kai ta ofishin magajin gari, iyaye kuma suna zaton karnen awo shi ne takardar. Sai yaro ya kai ajin jarrabawa a lakwal a shiga neman shaidu. Wanda aka haifa a gida, ranar suna ce damarsa: liman, wanzami da maigari duk suna wurin, ɗayansu ya riƙe littafi.

Fannin da ya fi rauni shi ne wasa da magana. Lambun yara, wato makarantar ƙanana kafin su shiga lakwal, yawanci a gari yake, kuma yaron da bai kai shekara 3 ba ba ya hannun kowane malami. Ga shi mai tamowa mai tsanani yakan yi shiru, ba murmushi, ba kuka sosai, har uwa ta daina yi masa magana don ba ya amsawa. Ƙa'ida ita ce wasa na minti 15 zuwa 30 kowace rana da zarar ya fara farfaɗowa. Ba sai an sayo kaya ba: gwangwani da tsakuwa a ciki a liƙe bakinsa da kyau, ƙoƙuna manya da ƙanana a riƙa jerawa, waƙar tafi, kiran sunan abin da ake ba shi. Awoyin da mata ke zaune a rumfar CSI suna jiran layi sun isa a nuna wannan, in an samu malamar lambun yara ko wata daga ƙungiyar iyaye mata ta lakwal ta zo ranar awo. Kakanni a jawo su da wuri, domin su ke ba da bauri, su ke cewa a zubar da dakashi.

Maza ma haka. In aka ce yaro sai CRENI, sashen asibiti da ake kwantar da masu tamowa mai tsanani, kwanaki uwa za ta yi a can. Maigida ne ke ba da izini da kuɗin kabu-kabu, shi ne kuma zai nemi mai dafa wa sauran yara. Makarantar mazaje, inda magidanta ke tattauna lafiyar iyali, wadda a nan jihar aka fara ta da taimakon UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'amuran yawan jama'a, ta nuna magana tana shiga in magidanci ne ya faɗa wa ɗan uwansa a majalisa.

Sai kuɗin zama. Ɗan sa-kai ɗaya ne a ƙauye, furoje uku na neman sa, wannan na biya, wancan ba ya biya. Kowa ya san wanda zai yi wa aiki. A daidaita farashi ɗaya a matakin ƙaramar hukuma, a kuma sa man babur ɗinsa cikin kasafin magajin gari, don kada aiki ya tsaya ranar da furoje ya naɗe tabarmarsa. Zaman wata-wata ba ya buƙatar otel ko lemo. Majo, daraktan lakwal, mai rajistar haihuwa, shugaban kwamitin famfo da wakilin maigari su zauna da jeri ɗaya, wanda ke ɗauke da sunan yanka, laƙabi, sunan uwa da na maigida, a bi yaran da suka yi fashi ɗaya bayan ɗaya, a rubuta wanda zai je gidan da ranar da zai je.