Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ɗaki Ɗaya a Mabera

A makon jiya na tsaya a inda ambaliyar watan Satumba na 2010 ta cinye gonakinmu na fadamar Gulbin Rima, bayan madatsar ruwa ta Goronyo ta cika ta tumbatsa. Ita ce ambaliyar da ta tsinke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, har mutane suka koma tsallakawa da kwalekwale. Da Baba ya ga shinkafa ta tafi, rumbu ya rushe, ga bashin taki a wuyansa, sai ya tattara mu muka nufo birnin Sakkwato, inda wani ɗan garinmu ya samo mana ɗakin haya a can cikin lungunan Mabera.

Gidan dogon jerin ɗakuna ne masu rufin kwano da ya yi tsatsa, kowane ɗaki da iyali guda, makewayi kuwa ɗaya ne tak ga kowa. Tun kafin kiran assalatu za ka tarar da butoci a jere a ƙofarsa suna riƙe wa masu su layi. Ruwan wanka da na wanke-wanke yana bin wata 'yar kwata ya fita lungu ya kwanta, domin babu magudanar da za ta ɗauke shi, kuma a nan sauro ke hayayyafa. Idan damina ta sauka, ruwan lungun kan dawo mana har ɗaki, Inna ta ɗora tabarmi da buhun gero a kan bulo, mu kwana muna kwalfewa da kwano. Idan bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, kwanon rufin ya mayar da ɗakin tamkar tanda, dole kowa ya fito tsakar gida ya shimfiɗa.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne ruwan sha. A ƙauye ba mu taɓa sayensa ba, amma a nan sai mun jira 'yan ga-ruwa sun turo kura cike da jarkoki, kuma ranar da babu wutar da za ta tayar da rijiyar burtsatse sai farashi ya tashi. Mai hali yana da rijiyarsa da tankinsa a gida, talaka kuwa kullum sai ya biya, don haka shi ya fi kowa sayen ruwa da tsada. Haka man girki, haka garin sabulu, komai ƙulli-ƙulli muke saye, domin abin da Baba ya samo daga dakon buhuna a Kasuwar Kara ba ya wuce cefanen yini.

Wani dare na ji Inna tana cewa da shi, cikin murya ƙasa-ƙasa, “Malam, mi za mu yi da ɗiyan ga in kuɗin haya sun taso?” Ya daɗe bai amsa ba, daga bisani ya ce, “Allah na nan.” Washegari ta shiga adashin matan gidan, ta fara karɓar surfe da wankau. Matan nan, da ba su fi mu komai ba, su ne suka riƙa aiko mana da tuwo lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Baba.

A 2022, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa kashi 91 cikin 100 na mutanen jiharmu suna cikin talauci ta fuskoki daban-daban, ban yi mamaki ba, musamman ganin yadda waɗanda 'yan bindiga suka koro daga Isa da Sabon Birni da Rabah suka cika kangayen birni, cikin halin da ya fi namu muni.

Adashin Inna bai kai ga biyan hayar shekarar ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin yadda aka cire yayata daga aji biyar aka ɗora mata farantin talla.