Mashayin Jini a Zangon Kumasi: Lissafin da Ake Yi Kafin a Fara Rubutu

Labarin mashayin jini, wanda Turawa ke kira bamfaya, ya fi armashi idan an dasa shi cikin tarihi na gaske. Sarauta ta sauya hannu, kuɗi su sake kama, harshe ya karkace, shi kuwa yana nan da fuskarsa ta ɗan shekara arba'in. Sai dai idan kai marubucin zango ne, ka ɗauko shi da akwatin gawarsa da gidan dutsensa na kan tsauni ka dire a unguwar Aboabo ta Kumasi a ƙasar Gana, mai karatu zai yi dariya tun a shafi na biyu. A ganina, babban aikinka shi ne amsa tambaya ɗaya: yaya mutum zai shekara ɗari da hamsin bai tsufa ba, a unguwar da kowa ya san kakan kowa?

Fara da abin da ba zai yiwu ba. Musulmi ba a binne shi cikin akwati. Wanka, likkafani, makara, salla, kabari, galibi duk a yini ɗaya, kuma a gaban jama'a. Saboda haka wanda aka yi wa jana'iza a maƙabartar Tafo ba zai dawo unguwa ba. Naka sai dai ya kasance wanda ba a taɓa ganin gawarsa ba: bafatake da ya ɓace a hanyar Gwanja, aka yi masa sadakar uku da bakwai da arba'in. Haka kuma kar ka ce ba ya mutuwa. Mai karatunka ya tashi da sanin cewa kowane rai zai ɗanɗani mutuwa. Ka mai da abin jinkiri, wanda shi kansa ya san hisabi na jiran sa kuma kullum lodinsa ƙaruwa yake, tunda shan jini haramun ne. Tsoron da ke cikin wannan ya fi na haƙora.

Sai rana. A Kumasi rana kan fito wajen ƙarfe shida, ta faɗi wajen shida, rani da damina bambancin ba ya kai awa guda. Babu doguwar duhuwar hunturun Turai da za ka ɓuya a ciki. Idan hasken rana na ƙona shi, to Azahar da La'asar da Juma'a da Idi duk sun wuce shi, kuma a zango mako biyu ya isa a fara tambayar ko lafiya. Mafita biyu ce. Ko dai rana ta raunana shi kawai, ya fita da rawani da amawali yana jan ƙafa, ko kuma ka ba shi sana'ar da ke halatta rashin ganinsa: mai gadi, mai dakon goro da dare, malamin da aka ce ya shiga halwa. Hazon Disamba da Janairu shi ne lokacin da zai ɗan sake.

Jini kuwa lissafi ne, kuma nan labarai da yawa ke zubewa. Jikin baligi na ɗauke da kusan lita biyar. Abin da ake ɗiba a wurin bayar da jini bai kai rabin lita ba, kuma akan bar mutum ya huta wata uku zuwa huɗu. Wanda ya zubar da lita biyu yana bakin kabari. Idan naka na kashe mutum ɗaya kowane mako, gawa 52 ke nan a shekara, daga 1874 zuwa 2024 kuwa 7,800. Babu zangon da zai haɗiye wannan shiru. Idan rabin lita yake sha a mako, yana buƙatar aƙalla mutum 13 da zai riƙa zagayawa a kansu. Su wane ne? Almajirai? Barori? Baƙin da suka sauka gidansa? Za a ga sun yi fari, suna haki, ana ta dafa musu magani. Wannan jerin mutum 13 shi ne ƙashin bayan littafinka, don a cikinsu ne wani zai fara zargi.

Shi ya sa fatoma, mai masaukin fatake, ya fi kowace sana'a dacewa da shi. Baƙi na zuwa suna tafiya, shi ke ajiye musu kuɗi, shi ke haɗa su da masu goro, kuma wanda ya rame a gidansa sai a ce gajiyar hanya ce.

Amma ka kula da shekarun. Akwai Musulmi a Kumasi tun kafin 1817, lokacin da Baturen Ingila Bowdich ya same su kusa da fadar Asante, sai dai babbar mahaɗar fataken Hausa da goron Asante ita ce Salaga, a ƙasar Gwanja. Bayan Wolseley, kwamandan sojan Ingila, ya ƙone Kumasi a Fabrairun 1874, cinikin ya fara karkata Kintampo da Atebubu da Kete Krachi, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya watsa sauran. Zangon Kumasi bai cika ya batse ba sai bayan da aka kama Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896 da yaƙin Yaa Asantewaa na 1900. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, na Akra kuwa sai 1923. Wanda ya sa gwarzonsa ya hau jirgi a 1890, ko ya gina masa zango mai cunkoso a Kumasi a 1850, ya yi tuya ya manta da albasa. Bari ya fara daga Salaga, ya bi gudun jama'a ya gangaro.

Annoba abokiyarsa ce. Murar 1918 da cutar da ɓeraye ke yaɗawa wadda ta afka wa Kumasi a 1924 su ne lokutan da gawa ba ta jawo tambaya, kuma su ne lokutan da zai iya sake suna. Ka ware masa irin wannan ƙofa kowace shekara ashirin da biyar zuwa talatin, don fuska ba ta ɗaukar ƙarya fiye da haka. Dabarar da aka saba ita ce ya tafi "gida", wai ɗansa ya dawo ya gaji gidan. Tana aiki a 1920. Tana wahala a 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. A zamanin Ghana Card, wato katin ɗan ƙasa, da hoton yatsa kuwa ta mutu. Tsagar fuska ma matsala ce: ɗan da aka ce an haifa a 1980 da tsaga irin ta fataken da, daidai da ta uban har tabo, tsohuwar gida za ta gane shi.

Dukiya ma haka. Kuɗin wuri a Salaga, garin zinariya a Asante, sannan fam da sule na Turawa, fam na Gana a 1958, sidi a 1965, sabon sidi a 1967, sai 2007 da aka yanke sifili huɗu. Duk takardar kuɗin da ya binne ta zama abin kunna wuta. Gida ma ba tabbas, don ƙasar Kumasi ta karagar sarauta ce, haya ake bayarwa, galibi ta shekara 99 ga gidan zama. Ga mutum irinsa wannan wa'adi ne mai cika, kuma ranar sabunta takarda babi ne sukutum.

Abin da na fi so a yi amfani da shi shi ne bakinsa. Hausar zango a yau ta sauke bambancin "ya" da "ta" a bakin mutane da yawa, ta kuma ari kalmomin Twi da Turanci. Shi kuwa idan ya fusata sai tsohon Kananci ya kuɓuce masa, ya ƙirga kuɗi da zambar, ya kira Asante Tonawa. Sau uku a littafi ya isa. Fiye da haka ya zama wasan kwaikwayo.

Dokar Turawa cewa ba ya shiga gida sai an gayyace shi, a wurinmu ta zo daidai wa daida. Zai tsaya a zaure ya yi sallama, wani kuma dole ya amsa. Wa zai ƙi amsa sallamar dattijo? Tarbiyyar mutanen gidan ita ke buɗe masa ƙofa.

Kar ka cakuɗa shi da maye. Maye kurwa yake kamawa, ba jini yake sha ba, kuma zargin maita har yau yana raba tsofaffin mata da gidajensu a arewacin Gana, don haka kar littafinka ya ƙara wa wutar itace. Obayifo da sasabonsam, dodannin almarar Asante, da adze na Ewe mai rikiɗa ya zama ƙwaro mai walƙiya, ka bar su a bakin maƙwabta, kowa na fassara abin da ya gani da abin da ya gada.

Ga tsarin littafin, Dracula na Bram Stoker da ya fito a 1897 an gina shi ne da wasiƙu da littattafan ajiyar sirri. Namu kwatankwacin shi ne wasiƙun ajami da kundin bashin fatoma. Tawadar gargajiya a takardar farko, alƙalamin ruwa a ta tsakiya, biro a ta ƙarshe, sunan mai gida ya canza sau biyar, rubutun hannun kuwa ɗaya. Ka ba jikanyar gidan akwatin takardun, ka sa ta iya karanta ajami, sannan ka sa shi ya san ta iya.