Na sake kallon Bunty da Babli

Jiya bayan yara sun yi barci, ni da uwargida muka sake kallon Bunty Aur Babli, fim ɗin Indiyan nan na 2005. Rabona da shi tun zamanin faifan haya.

Wurin da 'yan damfarar nan biyu, Bunty da Babli, suka sayar wa Bature ginin Taj Mahal sukutum har yanzu sai da ya sa na shaƙe da shayi don dariya. Rani Mukerji ta iya rawar kai, ga Amitabh Bachchan a ɗan sanda yana farautar Abhishek, ɗansa na cikinsa a zahiri, amma da aka saki waƙar Kajra Re sai ga su suna tiƙar rawa tare. Wannan kam ba magana.

Sai dai fim ɗin ya ja, kusan awa uku. Kuma abin da ban lura da shi ba da ƙuruciya: babu wanda aka damfara ya ba ka tausayi, duk masu haɗama ne ko sakarkaru. Bara wani ya kira ni da sunan banki ya kwashe min kuɗi, ban ga abin dariya ba.

Uwargida ta ce, "Baban Ummi, kai fa ka ba shi lambar da bakinka."

Na ƙara wa talabijin murya.