Yau na zauna cikin masu kiɗan banjo

Yau da yamma na yi ƙundunbala na ɗauki banjona, wani abin kiɗa mai tsirkiya kamar molo, zuwa bayan wani shagon kayan kiɗa a nan jihar Arewacin Karolina ta Amurka, inda makaɗan bulugiras, wani salon kiɗan gargajiya na Amurka, ke haɗuwa duk Laraba. Wata huɗu ke nan ina koyo a ɗaki, abin da na iya bai wuce haɗin sautuka uku da ake kira G da C da D ba. Ana farawa hannuna ya ɗauki rawa, na shiga dukan tsirkiyoyin nan biyar kamar ni kaɗai aka zo saurare. Wani dattijo mai goge irin nasu ya sunkuyo, a hankali ya ce in riƙa sassauta yatsun hagu da zarar na kaɗa don sautin ya mutu nan take, kuma in bar mai kaɗa bas, wato babban abin kiɗan nan mai kaurin sauti, ya fara bugawa, ni in amsa masa. Wallahi ina yin haka sai na ji kiɗan ya ɗauke ni.

Da zagaye ya zo kaina, mai jan waƙar ya ɗaga min gira alamar in nuna tawa bajintar. Na girgiza kai, ya wuce ga na gaba, ko a jikin kowa. Sai 'yan amshin makaɗanmu na gida suka faɗo min a rai, waɗanda ban taɓa tsayawa na saurare su da kyau ba. Laraba mai zuwa, in Allah ya kai mu, kujerar kusa da dattijon nan zan nema.