Ɓuntun shinkafa, dalma, da kunyar da na sha a lab

Ni fa da na zaɓi furojet ɗin nan a shekarar ƙarshe, abin da ke raina shi ne Zamfara. Ina yaro aka yi maganar gubar dalma ta 2010, su Bagega, Dareta, 'Yargalma, inda ake niƙa dutsen zinare mai ɗauke da dalma a cikin gida ƙurar na sauka a kan komai, yara sama da 400 suka rasu. Sai na ce bari in gwada ko ɓuntun shinkafa, wanda ake tarawa tsibi-tsibi a bakin injin casa har ana cinna masa wuta, zai iya tsotse dalma daga ruwa.

Aikin kansa ba wani sihiri. Ka wanke ɓuntun, ka shanya, ka jiƙa shi da asid, ka gasa a tanda ya zama gawayi mai ƙananan ramuka rututu, to a jikin ramukan nan ne ƙarfen ke maƙalewa. Wahalar kawai wutar NEPA, wlh sau uku ina sa kaya a tanda ana ɗaukewa.

Ranar da sakamako na farko ya fito daga injin AAS, mai auna yawan ƙarfe a ruwa, dalmar kusan duk ta ɓace, ni kuwa har na fara jin kaina farfesa, na kwashi takarda da gudu sai ofishin malamina. Ya duba, ya yi shiru, ya ce "Malam, ina kwalbar da ba ka sa gawayi ba?" Na ce wace kwalba kuma, Yallaɓai? Ya ce je ka sake, ruwa iri ɗaya, pH (ma'aunin tsamin ruwa) iri ɗaya, amma kar ka zuba komai.

Na sake. Ita ma dalmarta ta ragu sosai! Ashe na bar pH ya haura 6, kuma daga nan dalma da kanta take dunƙulewa ta zama wani farin gari-gari ta kwanta, takardar tacewa ta kama ta. Wato rabin yabon da nake wa gawayina ba nasa ba ne. Sati uku suka tafi a banza, na koma ina saita pH wajen 5 da ɗigo-ɗigon asid kamar mai sa wa jariri magani.

Ruwan lab ma ɗan gata ne, ruwa tsarkakke ka zuba ƙarfe ɗaya tal. Da na ɗebo na kwatar masu jima ta wajen Challawa a Kano, mai wari da gishiri da kiromiyom da maiƙo, sai gawayin ya yi laushi, don kowa na rububin gurbi ɗaya. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce dalma a ruwan sha kar ta wuce miligiram 0.01 a lita, to ko ka cire kaso mai yawa, ragowar na iya fin wannan nesa.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai, ranar da na gama na tattara gawayin da na yi amfani da shi zan watsa a kwata, mai kula da lab ɗin, wani dattijo, ya riƙe min hannu ya ce "ɗana, dalmar da ka cire tana ina yanzu?" Na kalli robar da ke hannuna. Ya miƙo min kwalba mai murfi da alƙalamin maka, ya ce rubuta sunanka da kwanan wata. Da na koma karɓar sakamako bayan wata shida tana nan a ƙasan kanta, cikin layin na ɗaliban da suka riga ni.